Aikin ɗalibai da gwamnatin Amurka ke tallafa wa albashinsa

Iyalan da suka iso Amurka da yara masu shirin shiga jami'a sukan ga kalmar Work-Study a takardar tallafin da makaranta ta aiko, su ɗauka kuɗi ne da za a rage daga kuɗin makaranta. Ba haka ba ne. Adadin da aka rubuta iyakar abin da ɗalibi zai iya samu ne idan ya nemi aiki, aka ɗauke shi, ya kuma yi awannin. Wanda bai samu gurbi ba, ko kwabo ba zai gani ba.

Shirin ya faro a 1964, kuma ƙofarsa ɗaya ce: cika FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wanda akan buɗe a watan Oktoba. Kason kowace jami'a ƙayyadadde ne, don haka mai jinkiri yakan tarar an rabe. Amma kafin maganar lokaci akwai ta takardu. Ɗan ƙasa, da mai katin zama na dindindin wato girin kad, da wanda aka ba mafaka, duk suna ciki. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya ciki. Shi abin da aka yarje masa shi ne aiki a harabar jami'a, awa 20 a mako lokacin karatu, sai dai in ya samu izini na musamman ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Ƙungiyar da ta ce masa ya zo kawai, za a riƙa ba shi wani abu a hannu, tana iya jawo masa asarar bizarsa baki ɗaya.

Ga ƙungiyoyin sa-kai kuwa, garaɓasa ce, domin su ma suna iya ɗaukar ɗalibin shirin aiki. Galibi gwamnatin tarayya na biyan har kashi 75 cikin 100 na albashin, ƙungiya ta cika 25. Idan aikin koya wa yaran firamare karatu ne ko lissafi, tarayya na iya ɗaukar duka. Doka ta kuma tilasta wa jami'a kashe aƙalla kashi 7 na kuɗin shirin a ayyukan hidimar al'umma, shi ya sa ofishin tallafin ɗalibai kan yi maraba da ƙungiyar da ta zo da shiri. Sai an sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'a da ƙungiya kafin ɗalibi ya fara, kuma a cikinta ake fayyace wanda zai biya shi. Sau da yawa jami'a ce ke biya, ta aiko wa ƙungiya lissafin nata kason.

A nan ƙungiyoyinmu na 'yan ci-rani suka fi tuntuɓe. Sharaɗin shi ne aikin ya amfani jama'a gaba ɗaya. Ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ke tara kuɗin biki da na jana'iza don mambobinta kaɗai da wuya ta wuce, komai kyawun niyyarta. Ba a kuma sa ɗalibin shirin ya kula da wurin ibada ko ajin koyar da addini, masallaci ne ko coci, haka ma kamfen na siyasa. Rabon abinci ga duk mabukacin da ya zo, ko taimaka wa yaran unguwa da aikin gida, wannan magana ce daban, sai a kai wa jami'a bayanin aikin ta duba. Ba a yarda kuma a sallami ma'aikaci a cike gurbinsa da ɗalibi mai araha ba.

Lissafin awanni shi ne inda ake yawan ɓata. A ce an ba ɗalibi dala 3,000 a shekara, aikin kuma dala 15 ne a awa. Awa 200 ke nan, wajen awa 7 a mako idan ana so ta kai ƙarshen zango na biyu, kuma kason ƙungiya dala 750. Shugaban da ya ga yarinya mai ƙwazo ya sa ta awa 15 a mako zai cinye kuɗin cikin mako 13 da 'yan kwanaki, daga nan duk awar da ta ƙara, ƙungiya ce za ta biya cif. Saboda haka a ajiye takarda ɗaya ana rage awannin duk ranar biya. Mai kula da ɗalibi shi ke sa hannu a takardar awanni, kuma kada a rubuta masa aiki a lokacin da jadawalinsa ya nuna yana da lacca, domin masu bincike suna haɗa takardun biyu su duba.

Kafin ranar farko ɗalibi zai cika fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aiki da W-4 na haraji, ya zo da takardunsa na asali, ba hoto a waya ba. Albashin ba ya ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi na tarayya, dala 7.25 a awa, ko na jiha idan ya fi shi, kuma dole a biya aƙalla sau ɗaya a wata. Ana bayyana shi a haraji, amma ba a lissafa shi a kan ɗalibi idan ya zo neman tallafin shekara mai zuwa, saɓanin albashin kanti ko tuƙin kai saƙo.