Daren Ƙona Fallas a Balensiya

Yanzu na shigo gida, rigata sai ƙaurin hayaƙi take yi. Yau 19 ga Maris, daren ƙarshe na bikin Fallas a nan birnin Balensiya na ƙasar Sifaniya, daren da ake cinna wa mutum-mutumin da aka kakkafa a unguwanni wuta. Da na yara aka fara. A bakin layinmu wata yarinya da ba ta fi shekara tara ba, cikin doguwar rigar alharini, an naɗe mata gashi a gefen kunnuwa an soka mataji mai ruwan zinariya, ita aka ba ta kunna. Hannunta har rawa yake yi. Tartsatsi ya bi igiya, wuta ta kama, sai kawai ta fashe da kuka. Kakanta ya durƙusa ya rungume ta, shi ma idonsa ya kaɗa. 'Yan kwana-kwana na gefe suna fesa wa bangon gidaje ruwa, masu busa ba su fasa ba.

Wata da watanni masu sana'ar suka yi suna sassaƙa da fenti, da kuɗin da 'yan unguwa suka tara, amma kafin ka ce kwabo ya zama toka. A duk birnin biyu kacal jama'a ke zaɓa a kai gidan tarihi, ɗaya daga na manya, ɗaya daga na yara. Da can, wallahi, ɓarnar dukiya nake ce wa abin nan. Yau bakina ya kasa faɗin haka. Har yanzu fuskar yarinyar nan nake gani cikin hasken wutar.