Saƙon Godiya Daga Iyalai da Ɗaliban Marigayi Malam Mai Hoto

Assalamu alaikum.

Mu iyalai da tsofaffin ɗaliban marigayi Malam, wanda ƙauyukan ƙasar Ringim suka fi sani da Malam Mai Hoto, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinya har sadakar arba'in. Limamai da alarammomin da suka sauke Alƙur'ani, iyayenmu mata da suka kwana a gindin murhu, da baƙin da suka taso daga Gumel, Haɗejiya da Kano, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Malam ya kama alli tun zamanin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin nan duk Jihar Kano ce, kafin a yanke Jigawa a 1991. Da safe yana aji, da la'asar kyamara na wuyansa, da dare kuma sai fitila da alƙalami. Hawan sallah, tashar jirgin ƙasa, saukar almajirai, ambaliyar kogin Haɗejiya, duk ya ɗauka.

Godiya ta musamman ga samarin da suka zauna suna tantance abin da ke cikin adakokinsa uku. Aikin ya ci rai. Wadda aka girke a ƙasa gara ta shige ta, ta cinye kusan rabin waƙoƙinsa na ajami. Biyun da ke kan benci sun tsira, sai abin da danshin damina ya ɓata.

Mun san akwai hotunan da ya ɗauka a gidaje da yawa, don haka ga roƙonmu: a kawo mana su mu adana kwafinsu. Hoton da ya manne da gilashin firam, ko ya manne da ɗan'uwansa, kada a ɓamɓare shi, domin fuskar hoton ce ke biyo gilashin. A kawo shi yadda yake. Kada a kai shi laminatin, zafin na'urar na ɓata shi, kuma ledar ba ta sake fita. A cire roba da fil, roba na narkewa ta liƙe, fil na tsatsa. Sunan mutum da shekara a rubuta a baya da fensir, biro yana hudowa ta gaba. Takardun da aka rubuta da tawadar allo kuwa, ko damshin yatsa kada ya taɓa su, gawayi ne da ƙaro, ruwa na wanke su.

Dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, ya fi hoton kansa daraja, ko da yake shi aka fi zubarwa. A riƙe shi ta gefe. Wanda ya fara warin tsami ya soma lalacewa, a ware shi, don yana shafar saura. Kada a soke shi a rufin kwano.

Wanda ba zai iya rabuwa da nasa ba, ya ɗauka da waya a inuwa, ba tare da filasha ba, wayar na daidai saman hoton. A turo ta WhatsApp a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar na matse shi, fuskoki su dushe. Waɗanda aka kawo ana sikanin su, wato a kwafe su da na'ura, a kan ɗigo 600 a kowane inci, a adana kwafi uku a wurare dabam-dabam, a mayar wa mai abu abinsa a ranar.

Dattawa, ku muka fi bukata, domin akwai fuskokin da ku kaɗai za ku gane. Ana zama a zauren Malam kullum bayan la'asar, ban da Lahadi saboda kasuwar Gujungu.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta.