Laraba, 29 ga Janairu, 2025: ko za a iya zuwa Maraɗi?

Yau wa'adin shekara guda na ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ya cika. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ta koma mai ƙasashe 12 daga 15. Duk tashar da na murɗo da safe, BBC ne ko RFI ko DW, zancen ke nan. Da ban dame kaina ba, in ba don Yaya ta haihu a Maraɗi ba, suna kuma ranar Asabar.

Ina shirin fita makaranta Inna ta miƙo mini wayarta. Wata murya ce aka turo a zauren WhatsApp na danginmu, wani mutum yana rantsuwa da Allah cewa daga yau an rufe iyaka, duk mai son shiga Nijar sai da biza. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya ji ba. Inna ta ce, "Babangida, ku ne masu karatu, ka bincika mini. Ni dai ko ta daji ne sai na ga jikata." Na ce to, Inna, ki ba ni zuwa dare.

Labaran rediyo sun ba ni tarihi, ba su ba ni amsa ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Bazoum na Nijar, takunkumi, rufe iyaka, yanke wutar da Najeriya ke bai wa Nijar, sannan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 da buɗe iyakar a Maris. Mu 'yan Katsina ba sai an karanta mana wannan ba, mun ga yadda harkoki suka tsaya a Jibiya watanni.

A lokacin tara na samu sanarwar da hukumar ECOWAS ta fitar daga Abuja. Gajeriya ce ƙwarai. Ta nemi sauran ƙasashen su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar a hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza, kayansu kuma a ci gaba da ɗaukarsu a tsarin ciniki na da, har zuwa lokacin da za a sanar da wani abu daban. Na karanta a tsanake, sai na ga ai wannan maganar ta mijin Yaya ce in zai zo Katsina. Inna kuwa shiga Nijar za ta yi, kuma Abuja ba ta da iko da ƙofar Ɗan Isa, garin iyaka na ɓangaren Nijar. Amsarta tana wancan ɓangaren. Sai da na koma labaran tsakiyar Disamba na tarar da ita: ƙawancen AES, wanda ƙasashen uku suka kafa, ya riga ya bayyana cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su shiga ƙasashensa ba tare da biza ba, sai dai kowace ƙasa tana da damar hana wanda ba ta so. Abin da ya fi shafar mu ya fito mako shida da suka wuce, yau kuma ban ji wanda ya tsaya a kansa ba.

Da yamma wata tashar FM ta tara baƙi uku: malamin jami'a, wani matashi ɗan gwagwarmaya, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kwastan. Na zauna da biro da takarda. Kusan duk lokacin ya tafi a kan laifin wa ne. Matashin ya ce Faransa ce ke juya ECOWAS, malamin ya ce soja ba su da hurumin fitar da ƙasa daga ƙungiya ba tare da tambayar jama'a ba, suka yi ta katse juna. Aka dawo da hirar da Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi da Hausa a ƙarshen Disamba, inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, da martanin da Nuhu Ribadu, mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya mayar yana musantawa. Na saurari duka biyun tun lokacin. Jawabin shugaba yana gaya maka inda ya tsaya da wanda yake fushi da shi, amma ba daga nan ake sanin ko mota za ta wuce ba.

Dattijon nan shi ya faɗi abin da na rubuta. Ya ce takarda a Abuja ko Yamai daban, umarnin da ya iso hannun jami'in da ke bakin shinge daban, kuma wani lokaci tsakaninsu akwai makonni. Ya fara bayanin takardun da ya kamata matafiyi ya riƙe, sai mai gabatarwa ya ce za a je talla. Da aka dawo an buɗe layin waya, masu kira kuma kowa da gwaninsa. Haushi ya kama ni, wallahi. Mutum ɗaya ne a ɗakin ya taɓa tsayawa a bakin iyaka, shi ne kuma aka fi hana magana.

Bayan magariba na kira direban da ke kai mu Maraɗi. Dariya ya yi. Ya ce yau da safe ya je ya dawo, ba abin da ya canza, shingayen nan dai suna nan yadda na san su. Ya ce Hajiya ta riƙe katin ɗan ƙasa, ta canji sefa tun daga nan don kada a cuce ta a hanya. Abin da ya fi jaddadawa ma ba iyakar ba ce, hanyar Jibiya ce: ba ya tashi sai rana ta fito sosai, kuma ba ya yarda la'asar ta same shi a kanta. Na kama wa Inna kujerar gaba ta ranar Juma'a, ƙarfe takwas.