Kaset ɗin gem: abin da na koya a shagon gyara

Gyaran rediyo da talabijin na je koya a wurin maigidana, a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar garinmu a ƙasar Gumel. Gem daga baya ya shigo cikin aikin, domin masu rumfar gem na ƙauyukan da ke kewaye da mu ba su da wani wurin kai kayansu idan sun lalace, kuma zuwa Kano saboda kaset ɗaya ya fi kuɗin kaset ɗin. A birni an daɗe da barin irin waɗannan na'urori. A wajenmu har yanzu suna aiki, don ba su da tsada, ba sa cin wuta, ɗan batirin sola ma yana riƙe su tare da ƙaramar talabijin har yara su watse.

Yawancin waɗanda ake kawo mana kwaikwayo ne na Famicom, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Su ne masu kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa dubban wasanni a jiki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Jefi-jefi a kawo Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988, ko Super Nintendo da ta biyo gwanjo. Kowace da bakinta. Kaset ɗin Famicom haƙora 60 gare shi, wato 'yan siraran tagullar da ke jere a gindinsa, na NES, wato Famicom ɗin da aka yi wa Amurka a 1985, yana da 72, na Mega Drive 64. Mutum ya sayo kaset a kasuwa don hoton da ke jikinsa ya burge shi, ya zo gida ya yi ta dannawa a bakin da ba nasa ba, wannan kaɗai ya kashe na'urori da yawa.

Abu na farko da ya zauna mini a kai shi ne, kaset ɗin da aka ce ya mutu galibi da ransa. Abin da ke cikinsa ba ya motsi, ba ya gogewa, babu abin da zai gajiyar da shi. Matsalar tana wurin da haƙoran kaset suke haɗuwa da na soket, wato bakin na'urar da ake saka kaset a ciki. Kowane haƙori hanya ce, kuma idan ɗaya tak bai taɓa ɗan'uwansa ba, labari ya canza. Maigidana ya koya mini karanta talabijin kafin in taɓa sukudireba. A kaset ɗin Famicom, ɓangaren da ke riƙe da tsarin wasan daban yake da ɓangaren hotuna, kowane da haƙoransa. Saboda haka idan kiɗa yana tashi, wasa yana tafiya, amma hoton ya dagule ya zama 'yan murabba'ai da layuka, to haƙoran hoto ne suka yi datti. Idan kuwa allon ya tsaya da launi ɗaya, ba motsi ba sauti, a nemi laifin a ɗaya ɓangaren. A Famicom ta asali har sautin ma sai ya ratsa ta cikin kaset kafin ya fita, don haka datti a haƙori ɗaya yana iya sa gem ya yi shiru alhali hoto garau. Ranar da na fahimci wannan na daina ganin dagulallen hoto a matsayin tashin hankali, ya koma mini bayani.

Sai maganar hurawa. Babu yaron da bai iya ta ba: a zare kaset, a hura masa iska da baki, a mayar, gem ya tashi, kowa ya ce hurawar ce ta yi aiki. Zarewar da mayarwar ce ta yi, domin haƙoran sun sake zama, sun ɗan goge juna. Iskar baki kuwa tana ɗauke da laima da ɗigon yawu, ta sauka a kan ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a wurin, kamar yayyafi a kan ƙurar hanya. Bayan 'yan watanni sai ka ga haƙoran sun yi baƙi, wasu sun yi kore. Kaset na asali yana da ɗan ruwan zinariya a haƙoransa da ke kare shi. Na kwaikwayo shafen da aka yi masa siriri ne ƙwarai, shi ya sa ya fi saurin cin tsatsa. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici, don yaran da ke yin ta son kaset ɗin ne ya sa suke yi, kuma da hannunsu suke rage masa kwana.

Maganin ba shi da tsada. Sipirit ne da tsinken goge kunne mai auduga. A jiƙa kan tsinken kaɗan, a bi haƙoran gaba da baya, ɓangare biyun, a riƙa canza auduga har sai ta fito fara. Na farko yakan fito baƙi wuluk, mai kaset ya riƙe baki. Sipirit ɗin kemis yana da ɗan ruwa a ciki, don haka a bar shi ya bushe sarai kafin a saka. Idan dattin ya kafe, a buɗe kaset a goge da farar robar goge fensir, sannan a bi da sipirit. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da sanfefa. Sanfefa tana sa haƙori ya yi ƙyalli nan take, mai kaya ya yi murna, amma ta kankare shafen da ke kare tagullar, tsatsa ta dawo da ƙarfinta. Shi kuma soket, ana naɗe siririn kati da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, a ɗiga sipirit, a saka a zare a miƙe. Idan aka ja shi gefe da gefe, sai a lanƙwasa haƙoran ciki.

Kaset da ya maƙale shi ne inda aka fi yin ɓarna. Wata rana wani mai rumfa ya zo da Super Nintendo a cikin buhu, kaset a tsaye a bakinta, gefen robar duk ya tattauye da sawun wuƙa. Ya ce, "Oga, tun jiya muke fama, mu uku muka ja, ya ƙi." Maigidana ya juya na'urar a hannu, ya dubi makunnin, ya ga yana wajen kunnawa. Ya tura shi baya, ya danna maɓallin fitarwa da ke tsakiya, kaset ya ɗago da kansa. Ya ce da shi, "Malam, ai ba maƙalewa ya yi ba, kulle shi aka yi." Super Nintendo ta farko tana da wani ɗan harshen roba da ke shiga jikin kaset idan an kunna ta, don kada yaro ya zare shi wuta na ciki. Wuta ta ɗauke musu suna tsakiyar wasa, babu wanda ya tuna ya kashe makunni. Mega Drive ta farko da aka yi wa Japan ita ma tana da irin wannan makulli.

Idan ba makulli ba ne, to a kashe, a zare waya daga wuta, a kama kaset da hannu biyu a ɗaga shi sama daidai, ana ɗan kaɗa shi hagu da dama. Kaɗawa gaba da baya ita ke buɗe haƙoran soket har su daina riƙo. In ya ƙi, a kwance kusoshin na'urar a duba da ido. Abin da muke tararwa a ciki ba ya wuce ɓallen roba, ko haƙorin soket da ya lanƙwashe ya kama allon da ke cikin kaset, ko kwanson kaset na kwaikwayo da zafin rana ya murɗe. Na taɓa zaro ɓawon gyaɗa da ƙwan kyankyaso daga baki ɗaya.

Akwai ƙa'idar da maigidana ba ya sassautawa a kanta: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Yana da kaset mai lafiya da ya ajiye a aljihun tebur, ba na sayarwa ba, ba na aro ba. Duk na'urar da ta zo, da shi ake fara gwada ta. Idan ya tashi, laifin na kaset ɗin mai kaya ne. Idan ya ƙi, sai a koma kan soket, daga nan wayar talabijin, daga nan adafta. Wanda ya wanke kaset, ya canza waya, ya canza adafta duk a tare, ko gem ya tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma gobe idan aka dawo da shi ba shi da amsa.

Adafta kuwa a kula da ita. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. Adaftar NES irin wutar da take fitarwa daban ce da wadda Famicom ke buƙata, ko da bakin ya shiga daidai, kuma haɗa su yana ƙona na'ura. Da yawa ana ɗora wa kaset laifin da na adafta ne.

Wanda ba ya gyaruwa shi ma akwai. Idan ka buɗe kaset na kwaikwayo za ka ga ɗan allo da wani baƙin ɗigo kamar kwalta a tsakiya, a ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take. In allon ya tsage ta wurin, ko an wanke haƙora tas an gwada a na'ura mai lafiya ya ƙi, sai a gaya wa mai shi gaskiya, kada a karɓi kuɗinsa. Amma ba ma jefar da komai. Kwanson da bai fashe ba yana yi wa wani kaset ɗin riga, na'urar da ta ƙone kuma mukan cire soket ɗinta mu ajiye, domin ko a kasuwar Sabon Gari ba kullum ake dace da sabo ba. Masu rumfa kuma abin da nake roƙonsu kaɗan ne: su sa kaset a leda ko a gwangwani mai murfi idan an tashi, su rufe bakin na'ura da ƙyalle, musamman daga shigar hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko.