'Yan uwan abarba masu zama a jikin dutse

Wai ashe abarba tana da dangi har sama da iri 3,000, bromeliad ake ce musu, ni kam abin da ya ɗaure min kai shi ne waɗanda ke maƙale a jikin gangaren dutse a Brazil, ba ƙasa ba taki, saiwar ma aikinta riƙe dutsen ne kawai. Ganyen ne ke haɗuwa kamar kofi ya tare ruwan sama, har ƙananan kwaɗi na zama a ciki. Wuyar hawa dutsen ce ta sa har yanzu ake ta gano sababbin irin bromeliad ɗin, to wa zai hau can sai da igiya? Kusan dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne, sai guda ɗaya tak a duwatsun ƙasar Gini.