Juyin da jirgi ya yi ba da umarnin matuƙi ba

Na daɗe ina karanta rahotannin binciken haɗarin jiragen sama masu saukar ungulu, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani da ko ƙwarzane babu wanda ya ji a cikinsa. Ranar 28 ga Disamba 2016, wani jirgi ƙirar Sikorsky S-92 yana tashi daga dandalin haƙar mai na Elgin da ke Tekun Arewa, gabas da Birtaniya, sai hancinsa ya karkata dama da kimanin digiri 45 ba tare da matuƙi ya umarce shi ba. Matuƙan suka shawo kansa, suka ɗauka iskar da ke kaɗawa tsakanin gine-ginen dandalin ce ta buge shi, suka ci gaba da tafiya zuwa dandalin West Franklin, wanda bai wuce tafiyar 'yan mintoci ba. Saura ƙiris ya taɓa ƙasa sai ya sake juyawa dama da ƙarfi, ya dira yana kartar dandalin da tayarsa, bai tsaya ba sai da ya juya digiri 187.

Kafin a gane girman abin, sai an san yadda ake sarrafa irin wannan jirgi. Babbar farfelar da ke samansa tana juyawa gefe ɗaya, shi kuma gangar jikin jirgin yana neman juyawa ɗaya gefen, don haka aka sa ƙaramar farfela a wutsiya domin ta riƙe shi. Matuƙi yana sarrafa ta da feda biyu da ke ƙarƙashin ƙafafunsa, hannunsa na dama yana kan sandar da ke karkata jirgin gaba da baya ko gefe, na hagu kuma yana kan wadda ke ɗaga shi sama ko sauke shi. Tsakanin fedar da farfelar wutsiya akwai jerin sanduna da na'urorin haidurolik da boris (zoben ƙarfen da ke sa sanda ta juya ba tare da cijewa ba), kuma idan guda ɗaya ya saki, matuƙi zai yi ta taka feda jirgin bai san yana yi ba. A West Franklin boris ɗaya ne ya lalace. Irin wannan matsala ce, a wani jirgi ƙirar AW169, ta yi ajalin mutum biyar a filin wasan Leicester City ranar 27 ga Oktoba 2018, ciki har da mai ƙungiyar, Vichai Srivaddhanaprabha, bayan boris ɗin farfelar wutsiya ya cije.

Abin da ya fi ba ni takaici a binciken da hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Birtaniya, AAIB, ta yi kan jirgin West Franklin shi ne, jirgin da kansa ya riga ya kai ƙara. Yana ɗauke da na'urar da ke auna girgizar sassansa, kuma na'urar ta rubuta alamar lalacewar boris ɗin tun a tafiyar da ya yi kwana ɗaya kafin nan, amma da aka zo duba bayanan a kwamfuta, yadda aka tsara allon bai fito da alamar fili ba, ido ya tsallake ta. Ba na ganin laifin injiniyan da ya duba, kuma ba na ganin laifin matuƙan da suka zargi iska, domin duk wanda ya saba aiki a teku ya san iska tana yin haka. Gargaɗi biyu ne dai suka zo, kowanne ya samu bayanin da ya kwantar da hankali.

Wannan ne dalilin da ya sa dokokin kai rahoto ba sa jiran a ga jini. A Amurka, sashe na 830 na dokokin hukumar binciken haɗarin sufuri, NTSB, ya wajabta wa mai gudanar da jirgi ya sanar da hukumar nan take idan tsarin sarrafa jirgi ya samu tangarɗa ko ya daina aiki, ko da an sauka lafiya, haka kuma idan fiffiken babbar farfela ko ta wutsiya ya lalace har yana buƙatar babban gyara ko sauyi, ko da a ƙasa abin ya faru. Idan haɗari ne sosai, akwai rubutaccen rahoto da za a miƙa cikin kwana 10. A Tarayyar Turai kuma, doka mai lamba 376 ta shekarar 2014 ta ba da awa 72 daga lokacin da mutum ya san da matsalar.

Sai dai wa'adi kaɗai ba ya sa mutum ya buɗe baki. Matuƙin da ya ji feda ta yi nauyi na daƙiƙa biyu sannan ta koma daidai, ya san idan ya rubuta za a tsayar da jirgin, fasinjoji su yi jira, wataƙila a kwance sassa a ce ba a ga komai ba, a riƙa yi masa kallon mai tsoro. A ganina nan ne ainihin aikin yake. Dokar Turai ta hana hukunta wanda ya kai rahoto, sai fa idan da gangan ya yi ɓarna ko ya yi mummunan sakaci, ita kuma Amurka tun 1976 ta ɗora wa hukumar NASA karɓar rahotannin sirri, inda ake cire sunan mai rahoto kafin a adana bayanin. Boris iri ɗaya ne a cikin ɗaruruwan jirage a ƙasashe daban-daban, kuma kamfanin da ya ƙera su ba zai san cewa matsalar tana maimaituwa ba sai rahotannin sun taru a hannunsa.

Da yake jirgin West Franklin ya tsaya a kan dandalin bai faɗa teku ba, masu bincike sun samu boris ɗin sun duba shi da idonsu. A watan Janairu 2017, ƙasa da mako biyu bayan faruwar abin, kamfanin Sikorsky ya umarci a duba farfelar wutsiyar kowane jirgin S-92 a duniya kafin ya sake tashi.