Ranar da sandar sif ta karye

Asabar, Fadaman Mada, Bauchi

Ina kan sallaya da asuba, ko addu'a ban shafa ba, na ji wani rugum daga uwar ɗaka. Na zaci silin ne ya rufto saboda ruwan da aka kwana ana shatatawa. Ashe sandar sif ɗina ce ta karye, duk abin da ke rataye ya zube har ya banko ƙofa. Baban yara ya dawo daga masallaci, ya dubi tulin, ya dube ni, ya ce, "Ai sandar nan ta yi haƙuri." Ban tanka ba. Shekaranjiya na gama yi masa mitar ba ni da abin sawa zuwa suna gidan ƙaninsa, to da wane bakin zan yi magana?

Na kira ƙanwata ta zo daga Jahun. Muka shimfiɗa tabarmi biyu a falo muka dinga jido kaya, daga sif, daga akwatunan lefe, har da Ghana-mas-go biyu da ke ƙarƙashin gado waɗanda na manta da su sam. Bangon da sif ɗin ya jingina da shi yana tsatsafo da damshi duk damina, ban taɓa lura ba. Kayan can ƙurya sun yi fumfuna, warinta ya gauraya da na kafur, muka yi ta atishawa.

Ita ce ta ce mu ƙirga, don ta tsokane ni. Ɗinkakku kala 68, ban da hijabai da mayafai. Ta ce, "To Yaya, ware mini waɗanda kika sa daga babbar Sallar bara zuwa yau." Na ware, na sake dubawa ko zan samu na ƙarawa, suka tsaya a 15. Su ɗin ma kusan duk atamfofi ne masu ɗinkin riga da zani, sai dogayen riguna uku da nake zuwa makaranta da su. Su ne kullum a kan igiya, su ne a kan teburin guga. Sauran kwana kawai suke yi a ɗakina kamar 'yan haya.

A cikin sauran nan, 24 anko ne. Nan na zauna dirshan.

Ni dai ban tuna ranar da na ga ankon wani biki na ce a raina wannan ya burge ni ba. Sai dai ki wayi gari an jefa ki a wani guruf na WhatsApp, an turo hoton atamfar kamu da leshin dina, ga lambar akawun a ƙasa, ga ranar rufe karɓar kuɗi. Kowa ta san an ɗora wani abu a kan farashin kasuwa, kowa ta yi shiru, don gobe ita ma za ta aurar. In ba ki yi ba a ce ba kya kara, ko a ce abin hannunku ya ƙare. Sai ki biya. Sai kuma ki kai wa tela, shi kuma tela da ya ji an ce na biki ne sai ya zage: a matse nan, a liƙa duwatsu can, a yi wani hannu mai faɗi wanda ba ya barin ki ɗebo miya sai ya riga cokali shiga tukunya. Akwai wata riga mai ruwan hoda da na ɗaga yau, wallahi da ita a jikina sai da mutum biyu suka taimaka mini na shiga keke napep. Ba a ruku'u da ita, ba a zama a tabarma da ita. Awa huɗu na sa ta, aka yi hoto, shi ke nan. Ko da tana sawuwa ma, ina za ni da ita? Duk wadda ta gan ni sai ta ce, "A'a, ankon bikin wance ne wannan ko?"

Akwai kuma na son zuciyata, waɗanda babu wanda zan ɗora wa laifi. Abaya biyu da na gani a Instagram da tsakar dare. A hoto ruwan zuma, da ɗan aike ya kawo sai ga ta kamar ruwan kunun kanwa, yadin kuma roba zalla. Na gwada sa ɗaya cikin watan Afrilu, kafin na kai Wunti na jiƙe sharkaf kamar an ɗaure ni a leda. Sai atamfofin jajiberin Sallah, waɗanda ake saya cikin turmutsutsu da azumi a baki, mai shago na rantsuwa wannan ce ta ƙarshe. Guda uku a ciki wanki ɗaya suka zuba, ɗaya har ta rina wa yara farar rigar makaranta. Araha ba ta ado, na sani, amma da na ji an ce an rage sai hankalina ya tafi yawo.

Rukuni na uku ban so ƙanwata ta taɓa shi ba: kayan "in na rame". Tun haihuwata ta biyu suke jira, yaron yanzu yana aji ɗaya.

Wajen azahar sai ga Goggo, ta biyo daga gaisuwa. Goggo ta yi dillanci fiye da shekara ashirin kafin gwiwa ta zaunar da ita, kuma har yau ba ta ganin tufa ba ta murza ba. Ta ƙi zama a kujera, ta miƙe ƙafa a tsakiyar kayan. Na miƙa mata wani leshi da na yi adashe na wata huɗu kafin na ɗinka, na ce, "Goggo, in za a sayar, nawa zai yi?" Ta juya shi, ta duba hammata, ta duba tsawon, ta faɗi kuɗin da bai kai ladan telan ba. Na ce haba Goggo. Ta ce, "'Yar nan, wa zai saya? Sai mai tsayinki, mai ƙugunki, mai irin haukan da ya sa kika yi wannan hannun. Turmi kuɗi ne. Ranar da almakashi ya shiga, ranar kuɗin ya fita."

Daga nan ta zura hannu ƙasan babban akwatin lefe ta zaro turame huɗu da ban taɓa yankawa ba, yadi shida-shida, da takardunsu a manne. Biyu Holan ne. Fuskarta ta sake. Ta ce waɗannan kaɗai ne dukiya a ɗakin nan. Kuma gaskiyarta: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta zube, abin da ake sayar da turmin Holan yanzu ya yi nisa da abin da dangin Baban yara suka biya. Ni ina nan ina jin haushin kaina wai na bar su suna tsufa a akwati, ashe su ne kawai ba su yi asara ba.

Ta ce a zamaninsu akwatin mace shi ne bankinta. A sayi turmi a ajiye, ranar da ciwo ya zo ko kuɗin makaranta ya tashi, a kira dillaliya a sirrance ta fita da shi a cikin mayafi, ko kishiya ba za ta sani ba. Mai hali ta ajiye Holan, mai ƙaramin ƙarfi ta ajiye 'yar Kaduna. Marigayi mijinta ya yi aiki a masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, shi ya sa in ta fara zancen nan ba ta tsayawa: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007, daga nan kayan Sin suka cika Kantin Kwari, daga Kwari kuma suke gangaro mana nan Wunti da Santara. Ita Holan ɗin, kamfanin Vlisco da aka kafa tun 1846 ke buga ta a wani gari Helmond na ƙasar Holan, kuma zanenta ake kwaikwaya a buga a kan yadi mai arha, shi ya sa daga nesa ba kya bambancewa.

Ta nuna mana yadda ake ganewa. Atamfar kirki gaba da baya kusan ɗaya suke, ta bogi bayanta fari-fari. Sannan ta zare zare ɗaya daga gefen abayar Instagram ta ce a kawo ashana. Zaren ya narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda. Ta zare na wani tsohon zanena, shi kuwa ya ci wuta ya zama toka, warinsa kamar na takarda. Ta ce, "Auduga ke nan. Wancan kuwa jarka kika saya kika sa." Ƙanwata har da faɗuwa don dariya.

Rabon ne ya fi ba ni wuya. Na fara tara na sadaka, ashe ba tare da na lura ba duk masu tabo da waɗanda fumfuna ta ci nake jefawa can. Ƙanwata ta ɗaga wani siket da zif ɗinsa ya mutu ta ce, "Yaya, kin manta ayar da malama ta yi mana a Baƙara? Kada a nufi mummunan abu a ce shi za a bayar, alhali ke ba za ki karɓa ba sai kin runtse ido." Kunya ta kama ni. Muka sake lale. Ruɓaɓɓu suka koma tsumman goge-goge, wasu za a cusa a filo. Masu kyau aka wanke aka shanya, Allah ya taimaka rana ta ɗan leƙo bayan la'asar.

Ankon kuma ba ya bayuwa a unguwa. In na ba yarinyar da ke taya ni aiki, ranar da uwar amarya ta gan shi a jikinta tana tallar awara, na shiga uku. Goggo ta ce ta ɗauke mini wannan, za ta Darazo ranar Laraba, can babu wanda ya san bikin wa aka yi. Masu matsewar za a farke a yi wa 'yan mata. Kayan "in na rame" ƙanwata ta kwashe, ta gwada ɗaya a gabana ya zauna mata ɗas, na ji wani abu ya tsaya mini a wuya, na ce Allah ya sa ki kashe lafiya.

Abu ɗaya ne ban bari ya shiga lissafi ba, baƙin saƙin Inna, Allah ya jiƙanta. Ba na ɗaura shi, ba kuma zan ɗaura ba. Har yanzu in ka riƙe shi sai shuni ya ɗan taɓa maka hannu. Na kakkaɓe shi na naɗe a farin ƙyalle na mayar tare da turamen nan huɗu.

Kafinta ya zo gab da magariba ya sa bututun ƙarfe a madadin sandar, muka kuma janye sif ɗin daga jikin bango kamar taƙi ɗaya. Yana tattara kayan aikinsa yake ce mini, "Hajiya, wannan ko ninki biyu kika loda ba abin da zai same shi." Baban yara ya ce, "Malam, don Allah kar ka ba ta shawara." Kala 22 na mayar. Hangogin har suna kaɗawa suna ƙara in an buɗe ƙofa, abin ya yi mini wani iri.

Bayan isha'i na ɗauki waya, sai ga ni a sabon guruf. 'Yar wata abokiyar aikina za a aurar bayan Mauludi: atamfa ta kamu, leshi ruwan goro na dina. Na rubuta "Masha Allah, a ajiye mini," na goge. Na fita daga guruf ɗin zuwa lambarta ita kaɗai, na rubuta mata cewa in sha Allahu da ni za a yi komai tun daga jere, gudummawata kuma tana nan tafe, amma wannan karon ba zan samu yin anko ba, ina da leshi ruwan goro zan sa. Sau uku ina karantawa kafin na tura.

Ta gani tun ƙarfe tara saura, alamar ta yi shuɗi. Yanzu sha ɗaya ta wuce, an ɗauke wuta, ba ta ce komai ba.